Ku Tambayi Malama: Farashin da ya maƙale a kai, kajin da suka ƙi tsayawa, da lissafin 'yan talla

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun taru sosai wannan karon, na ɗauko guda huɗu da na ga kusan ciwonsu ɗaya, sauran kuma ku yi haƙuri suna nan a ajiye ba a zubar ba. Amsar wasan ƙwaƙwalwar da na ba ku wancan makon tana can ƙasa.

TAMBAYA: Salam Malama, dan Allah ki warware min wannan. Satin da ya wuce na shiga Kantin Kwari siyo atamfar bikin ƙanwata, mai shagon yace dubu 45, na yi ta ciniki har ya sallama min a dubu 32, na fito ina ta murna wai na yi wayo. Ina dawowa gida maƙociyata ta ɗauko irinta sak, dubu 23 ta siya a wani layin. Wallahi abin ya tsaya min a rai kuma ba yau farau ba. Wata tace min wai 'yan kasuwa suna da laƙanin rufe baki. Gaskiya ne ko ni ce ban iya ciniki ba? Daga wata uwar yara, Kano.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki babu wanda ya rufe miki baki, ai kin yi magana har kin sauke dubu 13. Abin da ya kama ki shi ne dubu 45 ɗin nan da ta fara shiga kunnenki. Kin san akuyar da aka ɗaure a turke, duk yunwarta iya tsawon igiyarta take kiwo. To lambar farko turke ce, tunda ya furta ta kanki ya ɗaure a wurin, duk tayin da kika yi daga baya daga 45 kike ta saukowa, ba ki taɓa tsayawa kin tambayi kanki ba nawa ne kuɗin atamfar nan a gari. Shi ya sa 32 ta yi miki kama da araha.

Kuma kar ki ɗauka ke kaɗai ce. Wasu masana halayyar ɗan adam su biyu 'yan Isra'ila, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji a 1974 da har yau ake koyar da shi. Suka kawo wani faifai mai juyawa da lambobi daga 0 zuwa 100, amma sun yi masa dabara baya tsayawa sai kan 10 ko 65. A juya shi a gaban mutum, sannan a tambaye shi, cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya kashi nawa cikin ɗari ne na Afirka? Kowa yana gani da idonsa faifan nan ba ruwansa da Afirka. Amma waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen kashi 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen kashi 45. Lambar da ba ta san komai ba ta ja mutane har tazarar 20.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na Jamus a 2006. Masu shari'a ne fa, matasa da suka gama karatun shari'a suka fara aiki a kotu, aka ba su labarin wata mata da aka kama tana ɗauke-ɗauke a kanti, aka ce su jefa ƙwayoyi biyu irin na ludo waɗanda aka shirya jimlarsu ta ba da 3 ko 9, sannan su faɗi watannin da za su yanke mata. Masu 3 suka tsaya wajen wata 5, masu 9 wajen wata 8. In ƙwayar ludo zata iya ƙara wa mutum wata uku a hukunci a bakin mai shari'a, ina ga ke da kika shiga Kwari da rana tsaka, ga cunkoso ga biki ya matso.

'Yan kasuwarmu ba su karanta wannan ba amma sun san shi tun kaka da kakanni. Je kara ranar kasuwa ki ga yadda dillali yake cewa taya mana Alhaji, mai saye ya yi ƙasa da tayi, mai dabba yace albarka, kowa so yake nasa turken ya kafu. Addini ma ya san da zancen, shi ya sa aka hana najashi, wato mutum ya zo ya taya kaya da tsada alhali ba saye zai yi ba, sai dan ya ɗaga farashin a kunnen mai saye na gaskiya. Ni ban ce mai shagon nan ya zalunce ki ba, ciniki kuka yi kuka rabu da yardar juna, kuma wataƙila ma sarinsa ya fi na wancan tsada. Amma gaba ki shiga kasuwa da naki turken. Kafin ki fita ki kira mutum biyu da suka siya kwanan nan, in kin shiga ki tambayi shago uku ba tare da kin ɗaga kaya ba, ki tsaida a ranki cewa ba zan wuce kaza ba, ki ma rubuta a waya in ya kama. In ya faɗi kuɗin da ya yi nisa da naki kar ki fara ragewa daga nasa, ki faɗi naki kawai, in yace albarka ki ce Allah ya ba mu alheri ki taka. Sau da yawa kafin ki kai bakin layi za ki ji ana Hajiya dawo.

TAMBAYA: Malama ina wuni. Ni matashi ne na gama makaranta babu aiki na shiga kiwon kaji buroila. Zubi uku kenan ina yi, na farko na fita da kyar, na biyu da na uku mutuwa suka yi ta yi a sati na uku zuwa na huɗu, ga buhun abinci kullum ƙara kuɗi yake. Na narka sama da dubu 900 har da kuɗin Hajiyarmu, saura dubu 350 a hannuna. Baba yace in tsaya haka, ni kuma ina ganin in na tsaya duk abin da na zuba ya tafi a banza kenan. Zan ƙara zubi na huɗu ko in haƙura? Daga Zariya.

AMSA: Ƙanina sannu, Allah ya mayar da alheri. Na karanta saƙonka sau biyu kuma abin da na lura, dalilin da ka bayar na ci gaba ba ka ce kajin za su yi kyau a zubi na huɗu ba, cewa ka yi kar dubu 900 ta tafi a banza. To ka saurare ni da kyau, dubu 900 ta riga ta tafi. In ka ci gaba ta tafi, in ka tsaya ta tafi. Kuɗin da shawararka zata iya taɓawa yanzu dubu 350 ce kawai, ita ce tulun, kuma Hausawa sun ce in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau.

Wannan hali na bin kuɗin da ya nutse an gwada shi a fili. A wani bincike da Hal Arkes da Catherine Blumer suka fitar a 1985, sun je gidan wasan kwaikwayo na jami'ar Ohio a Amurka, masu siyan tikitin shekara wasu aka sayar musu a cikakken kuɗi dala 15, wasu aka rage musu dala 2, wasu dala 7, kuma ba zaɓa aka yi ba, yadda ta faɗo ne kawai. Wasanni iri ɗaya kujeru iri ɗaya, amma a rabin farko na shekarar waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo, kuɗin da suka biya ne yake tura su. Gwamnatoci ma suna faɗawa. Ingila da Faransa sun yi ta zuba kuɗi a jirgin Concorde mai gudun da ya wuce sauti bayan alamu sun nuna ba zai maida kuɗinsa ba, guda 20 kacal aka ƙera, ya fara ɗaukar fasinja a 1976 aka ajiye shi a 2003, har yau masana suna kiran irin wannan kuskure da sunan jirgin. Tushen abin kuwa, su Kahneman ɗin da na ambata a sama sun nuna zafin asara a zuciyar mutum ya kai wajen ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya. Ranar da ka rufe ɗakin kaji ranar asarar zata tabbata a idonka, shi ya sa zuciya take cewa ƙara zubi ɗaya dai, dan a ɗaga ranar. Sannan ga kunyar Hajiya, ga kar abokai su ce ya gaza, na san duk suna ciki ko ba ka rubuta ba.

Irin wannan ne yake cin mutane a harkar nan ta zuba dubu goma ka kwashi ashirin, in an riƙe kuɗinsu sai a ce su ƙara wani abu kaɗan a sakar musu, su kuma ƙara, garin neman gira a rasa ido. Haka 'yan mata suke rubuto min, shekara biyar yana zuwa zance bai turo ba amma Malama in na rabu da shi shekara biyar ɗina fa. Ciwon ɗaya ne.

Amma fa ban ce maka ka daina kiwo ba, kar ka je ka ce wa Baba Malama ta goyi bayansa. Ga tambayar da nake so ka zauna da ita: a ce yau ba ka taɓa kiwo ba, wani ya miƙo maka dubu 350, kuma ya gaya maka duk abin da ka sani yanzu game da ɗakin nan da farashin abinci da kasuwar kaji, za ka zuba ta a buroila? In amsar a'a ce to ka tsaya. In kuma eh ce sai ka faɗi dalili, kuma dalilin ya zama na gaba. Mutuwa a sati na uku zuwa na huɗu har sau biyu a jere abu ne da likitan dabbobi ya kamata ya gani, lokacin da cutar gumboro take kama su kenan, amma shi zai tabbatar, ya duba rigakafinka da inda kake siyo 'yan tsaki da yadda kake wanke ɗaki tsakanin zubi da zubi. In an gano matsalar kuma mai gyaruwa ce, ka zuba kaɗan, kamar 50, ka rubuta a takarda tun yau cewa in mutuwa ta wuce kaza ko riba ta gaza kaza na rufe, ka ba Baba takardar ya riƙe. Dalilin ba shi kuwa, ranar da abin zai faru zuciyarka zata sake kawo maka wani uzurin.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Maraɗi, abu biyu ke ɗaure min kai. Na ɗaya ni kaina, in zan yi bakwai sau takwas sai da Faransanci yake fito min, amma in kuɗi ne a kasuwa sai da Hausa, dala da jikka. Na biyu ɗalibaina, akwai yarinyar da take tallan ƙosai ba ta taɓa kuskuren canji ba, amma in na rubuta mata lissafi a allo sai ta tsaya tana kallona. Mene ne wannan?

AMSA: Malam barka kadai, wallahi na ji daɗin tambayar nan. Naka mai sauƙi ne. Jadawalin sau hadda ce, kamar yadda yaro yake haddace sura da sautinta haka ka haddace shi da sautin Faransanci, to a harshen da aka zuba shi a nan yake zaune. An gwada haka a Amurka, Elizabeth Spelke da Sanna Tsivkin a 2001, da mutane masu jin Rashanci da Ingilishi. Aka koya musu sabbin lissafi a harshe ɗaya, in amsar ta daidai-wa-daida ce sun fi saurin kawo ta a harshen da aka koya musu, in kuma ta kintace ce, kamar wannan ya kai kusan nawa, harshen bai dame su ba. Kai ma haka, makaranta ta ba ka sau da Faransanci, kasuwa ta ba ka kuɗi da Hausa. Kuma ka duba aikin da kanku yake yi a Nijar ba ku ma lura ba, dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce dala ashirin kowa ya san 100 ake nufi, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana ninka biyar tana rabawa tun safe har dare.

Yarinyar nan kuwa ita ce ta fi taɓa min zuciya. A birnin Recife na ƙasar Brazil an yi wani bincike da ya fito a 1985, masu binciken suka je wajen yara masu saida kwakwa da sauran kaya a titi suka yi ciniki da su kamar kowa, yaran suka ci wajen kashi 98 cikin ɗari na lissafin. Bayan nan aka ba su lissafin nan dai da lambobin nan dai a takarda irin na makaranta, suka faɗo wajen kashi 37. Yaran kaɗan ne a binciken amma duk malamin da ya koyar a garuruwanmu ya ga irinsu da idonsa. Ɗalibarka ta iya lissafi Malam. Abin da ba ta iya ba shi ne alamomin allo da harshen da ake tambayarta da shi, kaya biyu aka ɗora mata lokaci ɗaya. Gwada wannan gobe: ka ce mata da Hausa, ƙosai na dala biyar-biyar mutum bakwai suka siya nawa kenan, in ta faɗa ka tambaye ta yaya kika yi, ka rubuta abin da ta faɗa a allo da lambobi a gabanta, ta ga cewa abin da yake kanta ne aka zana. Daga nan sai ka sa masa sunansa na Faransanci. A Najeriya an taɓa gwada wannan da gaske, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife daga 1970 inda aka koyar da yara duk shekara shida na firamare da Yarabanci, Ingilishi kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Ingilishin. Ni dai ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan, yaron da aka fara masa da harshen da yake mafarki da shi ba a cuce shi ba.

TAMBAYA: Malama ni mai gyaran janareta ne a Kaduna. Sau da yawa inji zai ƙi ni tun safe har magariba, in haƙura in tafi gida, da asuba ina alwala sai kawai abin ya faɗo min, in je in taɓa wurin ya tashi. Yarana a shago har sun fara cewa oga yana da mutanen ɓoye.

AMSA: Malam ka gaya wa yaran su kwantar da hankali, baiwa ce Allah ya yi wa kowane kai. In ka wuni kana zargin kafireto, duk abin da injin ya yi ta kafireto za ka fassara shi, hanyar da ka fara bi ta zama rami. Wani masani Abraham Luchins ya nuna haka tun 1942 da wasan auna ruwa da tuluna uku, mutanen da suka saba da doguwar hanya suka ci gaba da binta ko da gajeriya tana gabansu, waɗanda ba a saba musu ba kuwa nan take suka gan ta. Tashi daga wurin yana sassauta wannan riƙon. Barci kuma yana ƙara nasa, a jami'ar Lübeck ta Jamus a 2004 an ba mutane wani aikin lambobi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, cikin waɗanda suka yi barcin awa 8 kusan kashi 60 suka gano ta, waɗanda suka zauna ido biyu ba su kai kashi 25 ba. Sai dai barcin bai taimaki wanda bai fara taɓa aikin ba, dan haka wahalar da ka sha tun safe ita ce jarin. In dattijo yace bari in kwana da maganar ya san abin da yake yi. Ka ajiye ɗan littafi kusa da shimfiɗa, kuma in inji ya kai awa biyu yana ƙin ka, ka kira ƙaramin yaron shagon ka bayyana masa matsalar daga farko kamar bai san komai ba, sau da yawa a tsakiyar bayanin za ka ji inda ka tsallake.

Sai wasan wancan makon. Na ce kwano da murfinsa naira 1,100, kwanon ya fi murfin da naira 1,000, nawa ne murfin? Yawancin saƙonnin da suka shigo 100 suka ce. Ku gwada: in murfi 100 ne kwano ya zama 1,100 kenan tunda ya fi shi da dubu, jimla 1,200, ta wuce. Murfin naira 50 ne, kwano 1,050. Kar wanda ya ji kunya, Shane Frederick da ya fitar da irin wannan tambaya a 2005 ya ba ɗaliban manyan jami'o'in Amurka kuma da yawansu irin amsar 100 ɗin nan ta kama su, ita take fara faɗowa kuma tana kama da gaskiya. Wata ɗaliba daga Gusau ta rubuto cewa ta fara rubuta 100 sai ta ji abin ya yi sauƙi da yawa ta koma ta haɗa, Allah ya yi miki albarka 'yata. Na wannan makon ga shi: tela 5 suna ɗinka riga 5 a kwana 5, tela 100 kwana nawa za su ɗauka su ɗinka riga 100? Ku turo amsa tare da yadda kuka yi, sai mun haɗu in sha Allahu.